Kujerar bishiya da ɗamarar tsira: wacce za ka saya kafin kakar farautar barewa?

Mako biyu da suka wuce, ƙanen wani abokina da ke tuƙin babbar mota a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka ya turo mini hotuna uku da daddare. Kujerar hawa bishiya ce ta ƙarfe, fentinta ya fara ɓarewa, an jingina ta da bangon gareji. A ƙarƙashi ya rubuta: “Yaya, dala 70 mai ita ya ce, har da ɗamara zai haɗa mini. In ɗauka?” Ban amsa da rubutu ba, kiransa na yi, muka shafe kusan awa ɗaya a waya. Tun da ba shi ne na farko da ya yi mini irin wannan tambaya ba, bari in shimfiɗa amsar a nan don wanda zai zo bayansa.

Ga mai karatu da ke gida, farautar barewa a wannan yanki na Amurka ba irin tamu ba ce ta gayya da karnuka da gora da kiɗa. Farautar dako ce. Barewa mai farar wutsiya tana da hanci da kunne, ƙaramin motsi ya ishe ta ta ɓace. Saboda haka maharbi yakan hau bishiya tun duhun asuba, ya kai ƙafa 15 zuwa 20, wato mita 5 zuwa 6, ya zauna a kan ɗan dandamalin ƙarfe da bai kai rabin darduma ba, ya yi ta jira cikin sanyi. A jihar Ohio ana buɗe kakar masu baka da kibiya a ƙarshen Satumba, ta kai har farkon Fabrairu, makon masu bindiga kuma yana farawa ranar Litinin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Da yawa daga cikinmu nama ne ya ja mu: ka yi bismillah ka harba, in ka tarar da ita da rai ka yanka, ka cika firiza da abin da ka san asalinsa.

Sabon shiga yakan ɗauka bindiga ce abar tsoro a dajin nan. Likitocin asibitin Jami'ar Jihar Ohio sun duba majinyata 130 da aka kawo musu cikin shekara goma da raunin farauta, suka wallafa sakamakon a 2010. Rabinsu faɗowa suka yi, kusan dukkansu kuma daga kujerar bishiya. Masu raunin harbi kashi 29 ne cikin ɗari. Wanda ya suɓuce daga mita 6 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, da gudun kusan kilomita 40 a awa, kuma ƙashin baya da ƙugu da ƙafafu ne ke karɓar bugun. Akwai waɗanda tun daga ranar ba su sake taka ƙasa da ƙafarsu ba.

A nan maganar kiranye ta shigo. Kamar yadda mazaɓa ke yi wa ɗan majalisa kiranye, haka ake yi wa kayan da aka gano suna da lahani bayan sun shiga hannun jama'a. Hukumar da ke kula da wannan a Amurka ita ce CPSC, wadda aka kafa a 1972. Doka ta ɗora wa kamfani cewa da zarar ya sami labarin da ke nuna kayansa na iya jawo mummunan rauni, ya sanar da hukumar cikin awa 24. Daga nan a fitar da sanarwa: sunan kayan, lambar samfurinsa, shekarar da aka ƙera shi, shagunan da suka sayar, mutum nawa suka ji rauni, da abin da za a yi wa wanda ya saya, ko a maida masa kuɗinsa, ko a musanya masa, ko a aiko masa da kayan gyara kyauta. Ba kowane kamfani ke hanzarta ba. A 2004 kamfanin Ardisam na jihar Wisconsin ya janye kujeru kusan 78,000 na samfurin Big Foot da Lite Foot saboda suna rabuwa da bishiya ba zato. A 2008 ya amince ya biya tarar dala 420,000 bisa zargin cewa ya jinkirta sanar da hukuma bayan rahotannin faɗowa sun riga sun iso masa.

Yaron nan da ya ji haka sai ya ce, “To Yaya, ka ba ni sunayen kamfanonin da aka taɓa yi wa kiranye in guje su.” Na ce masa in ya bi wannan hanya zai bar kasuwar hannu rabbana, domin manyan sunayen da maharba ke yabo, da wuya ka sami wanda bai taɓa janye wani abu ba. Kamfanin da ya fito da wuri ya ce ku dawo da kayana, ni ya fi kwanta mini a rai a kan wanda ba shi da adireshi balle lambar waya, yana sayarwa a intanet yau, gobe ya sauya suna. Amfanin jerin kiranye a wurina daban ne. In ka zauna ka karanta sanarwar shekara da shekaru, za ka ga lahanin ba ya yawo. Kowace irin kujera tana da gurbin da take karyewa, kuma gurbin nan ne dai yake dawowa. Zaɓi na gaskiya shi ne ka san inda kowacce ke cin amana, sannan ka tambayi kanka ko idonka da hannunka za su iya duba wurin kafin kowane hawa.

Mu fara da kujerar ratayawa, domin ita ta fi yawa a hannun maharba. Dandamali ne da mazauni, haɗe da ƙashin baya na ƙarfe, ana ɗaure ta a jikin bishiya da bel ko sarƙa, a hau zuwa gare ta da sandunan hawa waɗanda su ma ɗaure su ake yi. Kyawunta shi ne ba ta zaɓen bishiya. Karkatacciya, mai rassa, mai kauri, duk tana zama, kuma ganye yana ɓoye ka. Amma dubi abin da ke riƙe da ranka: bel ɗaya ko biyu da ƙugiyarsu, sai wayoyi biyu na ƙarfe da suka sauko daga ƙashin bayan suka riƙe bakin dandamalin. A 2012 an janye wasu kujerun Rivers Edge saboda ƙugiyar bel ɗin na iya gazawa. A shekarar dai kamfanin Summit ya janye kujerunsa na jerin Crush saboda maratayin na iya zamewa daga mazauninsa. Daga baya kamfanin Big Game ya janye samfurin The Captain na 2021 saboda maƙalin da aka matse a bakin wayoyin na iya sulluɓewa, dandamali ya kife da mutum a kai. Ƙugiya, maratayi, bakin waya. Kusan shekara goma tsakani, kamfanoni daban, amma wuraren ba su wuce tafin hannu ba.

Wayoyin nan su ne suka fi damuna, saboda an lulluɓe su da roba. Ruwa yana shiga ta tsaga, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, roba kuwa tana nan sumul kamar sabuwa. In ka ga robar ta kumbura, ko ta tsage, ko wani jan ruwa ya ɓullo ta bakin maƙalin, wayar ta gama aiki. Kamfanoni suna sayar da nasu na canji, kuma nasu za ka saya, ba ka je shagon kayan gini ka yanko wadda ta yi kama ba. Sai kuma wahalar ɗaurawa: kana sama, hannu biyu na aiki, kana jan kujera da igiya. Ba a yin wannan sai da igiyar da ke zagaye bishiya ta maƙale a ƙugunka hagu da dama, irin ta ma'aikatan lantarki masu hawa falwaya. Wanda ya taɓa ganin mai hawan dabino ko kwakwa ya jingina bayansa da igiya yana aiki da hannu biyu ya riga ya fahimci dabarar.

Wadda yaron ya turo mini hotonta kuwa mai rarrafe ce. Gida biyu gare ta, na zama da na tsayawa, kowanne da wayar da ke zagaye bishiya da haƙoran da ke cizon ɓawo. Ka ɗaga na sama ka zauna, ka jawo na ƙasa da ƙafafu, ka miƙe, ka sake, a haka har ka kai inda kake so. Ba tsani, ba sanduna, ka goya ta a baya ka shiga daji, ka fito da abarka da yamma. Ga mai farauta a dajin gwamnati wannan babban abu ne, kuma a zama ta fi sauran daɗi nesa ba kusa ba. Har gyangyaɗi take sa mutum, wanda shi ma haɗari ne.

Sharaɗinta yana da tsauri. Sai bishiya miƙaƙƙiya marar rassa a ƙasa, mai kaurin da ya dace da wayar, galibi inci 8 zuwa 20. Ɓawo mai santsi ko mai ɓarewa ba ya riƙe haƙoran, balle in ƙanƙara ta kwanta a kai. Bishiya kuma tana sirancewa yayin da kake hawa, don haka tun daga ƙasa ake saita dandamalin ya ɗan ɗaga baki, in ya isa sama ya daidaita. Wanda ya kuskure saitin, ya ce bari ya zare ƙusar wayar ya gyara a can sama, ya saka kansa cikin mafi munin hali. Jerin kiranye ya nuna ainihin wannan gurbi: a 2015 an janye masu rarrafe na Big Game da na API Outdoors saboda wayar na iya kuɓucewa daga mazauninta, a 2020 kuma aka janye na X-Stand saboda tsatsa na iya raba wayar da maƙalinta. A kujerar ratayawa waya biyu ke raba nauyin dandamali. A mai rarrafe waya ɗaya ce ke riƙe da kowane gida, in ta tafi babu mai tare ta. Akwai kuma 'yar igiyar da ke haɗa gidan sama da na ƙasa. Mutane suna raina ta, wasu ma su cire. Ranar da dandamali ya suɓuce daga ƙafarka, ita ce ke hana shi zarcewa gindin bishiya ya bar ka a sama ba abin takawa.

Kujera mai tsani ba ta buƙatar dogon bayani. Tsani ne mai gaɓa uku ko huɗu da mazauni a kansa, ana jingina shi da bishiya a ɗaure. Hawanta kamar hawan bene, akwai ma ta mutum biyu ga mai son koya wa ɗansa. Ga mai jiki, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda shekaru suka fara ja, ita ce ta fi. Nauyi gare ta, ba a yawo da ita, saboda haka ta fi dacewa da wanda ya sami izinin mai gona. Haɗarinta yana rana biyu: ranar kafawa da ranar saukewa. Kafin a matse bel ɗin sama, tsanin a jingine kawai yake, kuma dole wani ya hau ya matse. Shi ya sa ake cewa mutum uku ke kafa ta, a fara ɗaure sandar tallafi ta tsakiya da igiyoyi biyu da ake gicciyawa ta bayan bishiya kafin kowa ya taka matakin farko. Wasu sababbin samfura suna da muƙamuƙin ƙarfe da ke cafke bishiya tun kana ƙasa, kuma ƙarin kuɗinsu bai ɓaci ba.

Lahaninta na biyu babu sanarwar hukuma da za ta gaya maka shi, domin ba daga masana'anta ya zo ba. Saboda nauyinta, mutane kan bar ta a daji shekara da shekaru. Rana tana cinye zaren bel, kurege yana gwigwiyarsa, bishiya tana ƙara kauri tana ja har ya kai maƙura, ruwa yana taruwa cikin bututun tsanin ya daskare ya tsaga shi. Bel ɗin da ya kwana damina da hunturu a waje, ni canza shi nake yi ko da ya yi kyau a ido. Ita kanta bishiyar abar dubawa ce. Tun da ƙwaron nan mai kashe itacen ash ya ɓulla a Michigan a 2002, ya shigo Ohio a 2003, dazuzzukan yankin sun cika da matattun itatuwa a tsaye. A hunturu duk bishiya ba ganye, rayayya da matacciya sai mai lura. Ka zaɓi bishiyarka tun ganye na kore.

Akwai kuma sirdi, wanda matasan maharba suka rungumi a 'yan shekarun nan. Ba kujera ba ce, wani zane ne mai ƙarfi da ke tallafe ƙugu da mazaunai, ka rataya da igiya kana fuskantar bishiya, ƙafafunka a kan ɗan ƙaramin mataki. Abin da ya burge ni game da shi guda ne: ba ya aiki sai kana ɗaure, don haka babu zancen mantuwa. Ba shi da nauyi, yana hawa kusan kowace bishiya. Sai dai tsadarsa in ka haɗa sanduna da mataki da igiyoyi ta kai ta mai rarrafe ko ta wuce, yana son koyo sosai, yana matse ƙugu kafin jiki ya saba, kuma dogaronsa a kan sandunan hawa ne, waɗanda su ma sun sha shiga jerin kiranye saboda matakin da ke karyewa. Ba na ba sabon shiga shawararsa a shekarar farko, sai in yana da gwani a kusa da zai tsaya a kansa.

Kada kuma a manta ana kashe barewa daga ƙasa. 'Yar bukkar ɓuya ta yadi, da kujerar roba, da lura da inda iska ke kaɗawa, sun ciyar da gidaje da yawa. Ganinka ba zai yi nisa ba, warinka kuma zai fi saurin isa gare ta, amma babu inda za ka faɗo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga abin da ya fi kujerar kanta muhimmanci. Duk kujerar da ka zaɓa, ka ƙaddara wata rana za ta iya gazawa, ko ƙafarka ta zame a kan raɓa, ko barci ya sace ka. Abin da zai tsaya tsakaninka da ƙasa a ranar shi ne ɗamara. A da ana amfani da bel ɗaya a ƙugu ko a ƙirji. An bar su, domin in mutum ya faɗo bel ɗin yakan haura ya shaƙe ƙirji, ko ya juya shi kai ƙasa, kuma an rasa rayuka a haka. Wadda ake nufi yanzu ita ce ta jiki duka: ta ratsa kafaɗu, ta zagaye cinyoyi, igiyarta ta fito daga tsakanin kafaɗu ta baya. In ka ga tsohuwar mai bel ɗaya a cikin kayan gwanjo, ba abar ajiyewa ba ce.

Tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kujerun bishiya, TMA, suke saka ɗamarar jiki duka a cikin kwalin kowace kujera. Wannan ta kyauta, in tana ɗauke da shaidar cika ƙa'idar gwaji, za ta riƙe ka. Matsalarta ita ce tarin bel ne da ke cukurkuɗewa, ga duhu, ga sanyi, ga yatsu sun ƙage, har mutum ya gaji ya ce yau dai bari in hau haka. Ta saye daban, mai kamar falmaran, kana zura hannu ka danna maɓallai uku ko huɗu ka gama, wasu har da aljihuna. Ta fi nauyi da zafi a farkon kaka. Akwai kuma marar nauyi mai siraran bel da laushin kafaɗa, wadda ake sawa a ƙarƙashin rigar sanyi. Tsakanin ukun nan ƙarfi ba shi ne bambanci ba. Wadda za ka iya sawa cikin minti ɗaya a duhu ba tare da tsaki ba, ita ce taka. Ka je shago ka gwada a kan kayan sanyinka, ka duba nauyin da aka rubuta, wanda galibi fam 300 ne, kimanin kilo 136, kuma lissafin ya haɗa da tufafi da jaka da makami.

Ɗamara ma ana yi mata kiranye, kuma nata ya fi ban tsoro, domin lahaninta ba ya bayyana sai ranar da ake buƙatarta. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Hunter's View ya janye ɗamarun da yake haɗawa da kujerunsa, daga baya kamfanin ya rufe, aka bar masu su ba wanda zai musanya musu. Irin waɗannan ba su ɓace daga duniya ba, suna nan cikin gareji da kasuwar gwanjo. A ɗamara wuraren dubawa su ne ɗinki, da maɓalli, da ƙugiya mai kulle. A jikin igiyar baya akwai wani naɗi da aka ɗinke da gangan don ya farke lokacin faɗuwa ya rage fizgar. In ka ga ya fara farkewa, an taɓa faɗowa da ita, ta gama. Akwai kuma ƙyallen da aka ɗinka mai ranar ƙerawa. Yawancin kamfanoni shekara biyar suke ba ta, ko an yi amfani da ita ko tana rataye. Ɗamarar da ƙyallenta ya goge ko aka yanke shi, ba ka san shekarunta ba, ba ka kuma da lambar da za ka bincika.

Mu mutane ne masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma haka ne. Amma mu ne dai aka koya wa cewa ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ɗaurin nan kuma daga ƙasa yake farawa. Yawancin faɗowa ba a zaune take faruwa ba, a hawa ne, ko a sauka, ko a wannan taku ɗaya da ake yi daga sanda zuwa dandamali. Mai ɗamara da bai maƙala ba sai ya zauna, a daidai wuraren nan uku ba shi da maraba da marar ɗamara. Maganin shi ne doguwar igiya da ake ɗaurewa sama da kujera ta sauko har gindin bishiya, da ƙullin Prusik a jikinta: in ka tura shi da hannu yana tafiya, in nauyi ya fizge shi yana cizo. Ka maƙala tun ƙafarka na ƙasa, ka cire bayan ta dawo ƙasa. Kuɗinta bai kai na tankin mai ɗaya ba. Ga mai tsani da ta ratayawa da aka kafa, ita ce. Ga mai rarrafe, bel ɗin bishiya kake turawa sama da kai a kowane ɗagawa. In ka zauna kuma, ka ɗaure shi sama da kanka yadda ba zai yi sako-sako ba, don in ka zame kada ka wuce inda za ka iya komawa kan dandamali. Bindiga ko baka ba a hawa da su a hannu, a cire harsashi a jawo su da igiya bayan an zauna.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: ɗamara ta tare ka, amma ba ta gama cetonka ba. Mutum in ya daɗe a rataye ƙafafu na lilo, bel ya matse cinyoyi, jini yana taruwa a ƙafafu, yana iya suma, yana iya mutuwa. Saboda haka ake haɗa wani siririn bel da za ka maƙala ka taka ka miƙe a kansa, jini ya zagaya, kafin ka koma kujera ko taimako ya iso. Wurinsa aljihun gaba, tare da waya da usur, ba cikin jakar da ke rataye a reshe ba. Ka gwada rataya a bishiyar bayan gida, ƙafa biyu daga ƙasa, wani na tsaye kusa, ka ji yadda abin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kafin ka fita, wani a gida ya san dajin, ya san bishiyar, ya san lokacin da ya kamata ka dawo.

Sai maganar sabo da na hannu, wadda ita ce asalin tambayar. Tun 2008 dokar Amurka ta haramta sayar da kayan da aka yi wa kiranye, ko da a gwanjon ƙofar gida ne. Amma mai sayarwa sau da yawa shi ma bai sani ba, ya gāda ne ko ya saya a hannun wani. Sanarwa tana isa ga wanda ya cike katin rajista ya aika wa kamfani, ba ta bin kaya hannu zuwa hannu. Binciken kuwa ba wuya: ka nemi lambar samfuri da shekarar ƙerawa a jikin ƙarfen, ka shiga shafin kiranye na CPSC ka rubuta sunan kamfanin, ka duba shafin kamfanin ma. A SaferProducts.gov, wanda hukumar ta buɗe a 2011, za ka ga koke-koken masu saye tun kafin a kai ga kiranye, kai ma kana iya shigar da naka. Wanda ke Kanada ya duba sanarwar ma'aikatar lafiyar ƙasar. In ka sami kayanka a jerin, ka daina hawa a ranar, ka kira lambar da aka bayar, kada ka kai wa mai walda ya ƙarasa. Rashin ganin suna a jerin kuma ba shaidar lafiya ba ce, domin ƙa'idojin gwajin kujerun nan na sa kai ne, kuma hukuma ba ta san abin da tsatsa ta yi a garejin wani ba.

Ƙarfen kujera na hannu ana iya saye in lambarsa na nan, kamfanin na raye, waldar ba ta tsage ba, kuma ka sa kuɗin sababbin wayoyi da bel a cikin lissafi. Sau da yawa in ka haɗa sai ka ga arahar ta gudu. Ɗamara da igiya kuwa ba na sayen na hannu ko nawa ne, ba na kuma karɓar aro.

Na sa yaron ya koma ya tambayi mai kujerar lambar samfuri. Takardar jikin ta goge, ɗamarar kuma ba ƙyalle. Na ce ya bar ta. Da yake bana ce shekararsa ta farko, kuma wani abokin aikinsa ya ba shi izinin farauta a gonarsa, shawarar da na ba shi ita ce ya fara sayen ɗamara mai falmaran da doguwar igiya, abin da ya rage ya sa a sabuwar mai tsani ta mutum ɗaya, ya cike katin rajista a ranar. In kuɗin bai kai ba, ya yi bana a bukkar ƙasa, ba abin kunya ba ne. Mai rarrafe ko ta ratayawa sai baɗi, in ya fara shiga dajin gwamnati, bayan ya karanta dokar wurin, domin wurare da yawa sun hana murɗa ƙusa a jikin bishiya, wasu kuma suna son sunan mai kujera a jikinta. Mun sa ranar Asabar ta farkon Satumba, ni da shi da yayansa, za mu je mu kafa tsanin tun ganye bai fara zuba ba.